GARURUWAN KUZA: DAGA JOS ZUWA TSIBIRIN BANGKA

Duk wanda ya san manyan biranen ƙasar Hausa ya san cewa abin da ake fara tambaya game da birni shi ne ganuwarsa da ƙofofinsa. Kano tana da Ƙofar Mata da Ƙofar Nasarawa, Katsina tana da Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Guga, Zariya kuma tana da Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan, kowace da labarinta na ɗaruruwan shekaru. Amma baƙon da ya sauka Jos, ya zaga daga Rikkos zuwa Gangare, daga Dilimi zuwa Unguwar Rogo, ba zai ga ganuwa ba, ba kuwa zai ga kufanta ba. Tsakiyar garin ma sunanta Taminus, watau inda hanyar jirgin ƙasa ta ƙare. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mai hankali cewa Jos irin garin nan ne da zamanin Turawa ya haifa, kuma abin da ya haife shi yana kwance ne a cikin yashin rafukan da suka ratsa unguwannin nan.

Filin tarihin garuruwa na wannan mako zai bi asalin Jos, ya kuma haɗa shi da na wasu garuruwa a wani tsibiri mai nisa cikin ƙasar Indunisiya. Mai karatu zai ga cewa ma'adini ɗaya ne ya kafa su, kasuwa ɗaya ce ta ɗaure su, kuma matsala iri ɗaya ce Turawa suka tafi suka bar musu.

KAFIN ZUWAN TURAWA

Ƙasar da Jos take a kanta tudu ce mai tsayin wajen ƙafa 4,000 daga bakin teku, mai duwatsu da sanyi. Tun kafin a san Bature akwai mutane a kanta. Birom suna kudu da yamma, Anaguta suna arewa, Afizere kuma, waɗanda Hausawa ke kira Jarawa, suna gabas. Manoma ne da maharba, suna noma acca da gero, suna kewaye ƙauyukansu da shingen ƙerana, suna kuma da ƙananan dawaki masu jure hawan dutse. Mafi yawan mutanen saman dutsen nan ba su shiga ƙarƙashin Sarkin Bauchi ko Sarkin Zazzau ba a zamanin Daular Usmaniyya, ko da yake wasu na gefe sun ƙulla amana da Bauchi, fatake kuma suna kai da kawowa.

Haka nan kuma, ba Bature ne ya fara gano amfanin kuza a ƙasar nan ba. Akwai maƙera da masu narkar da ma'adini a Liruwen Kano da Liruwen Dalma, waɗanda suka daɗe suna wanke kuza daga yashin rafi, su narka a cikin murhun ƙasa, su zuba ruwan ƙarfen ya daskare sirara-sirara kamar tsinken kara. Fatake ke ɗaukar waɗannan tsinkaye su kai kasuwanni, a yi amfani da su wajen yi wa kayan tagulla ado da rufi. A kasuwannin bakin kogin Binuwai ne ma'aikatan Kamfanin Neja suka ci karo da su, suka shiga tambayar inda suke fitowa.

Dalilin wannan tambaya kuwa a fili yake. A ƙasashen Turai masana'antu sun dogara da ƙarfen da ake samu daga kuza domin shafe gwangwanin abinci don kada ya yi tsatsa, da yin dalmar liƙi, da haɗa tagulla. Ingila tana da nata ma'adinin a yankin Kwanwal, amma ramukan can sun yi zurfi, haƙarsu ta yi tsada. Saboda haka idon 'yan kasuwar Landan yana kan duk inda aka ji ƙamshinsa.

KANAR LAWS DA SANSANIN NARAGUTA

Ran 1 ga Janairu 1900 gwamnatin Ingila ta karɓi mulkin Arewa daga hannun Kamfanin Neja. Cikin sharuɗɗan da aka yi akwai cewa kamfanin zai riƙa samun rabin kuɗin fito na ma'adinan da aka haƙa a wani babban yanki na Arewa har tsawon shekara 99. Watau tun ba a sa diga a ƙasa ba an riga an raba ganima a Landan, alhali masu ƙasar ba su da labari. A 1902 sojojin Turawa suka ci Bauchi, a shekarar kuma kamfanin ya aiko wani injiniya mai suna George Nicolaus ya zo ya ɗebi samfuri. A 1903 Kanar H. W. Laws ya biyo baya da ma'aikata da sojoji, ba da daɗewa ba ya kafa sansani a Naraguta, arewa da inda garin Jos yake a yau, aka fara wanke kuza a kogin Dilimi.

Shigar ba ta zo da sauƙi ba. Ƙauyuka da dama sun ɗauki kwari da baka da masu suka tare hanya, Turawa kuma suka amsa da bindiga mai ruwa, suka ƙone gidaje da rumbuna. An shafe shekaru ana wannan kafin dutsen ya kwanta. Daga nan dokokin ƙasa da na ma'adinai suka mai da duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa mallakar gwamnati, aka riƙa yanka gonakin mutane ana bai wa kamfanoni haya, diyyar da ake biya kuwa ba ta taka kara ta karya ba. Su ma masu narkarwa na Liruwe, waɗanda tsinkayensu ne suka nuna hanya, an rufe musu sana'a.

Wajen 1909 zuwa 1912 labarin kuza na Nijeriya ya cika kasuwar hannun jari ta Landan, kamfanoni suka yi ta ɓullowa kamar naman kaza bayan ruwa. To, sai matsalar ma'aikata ta taso. Mutanen dutse, waɗanda aka ƙwace wa gonaki jiya, ba su yi ɗokin zuwa su haƙe su da hannunsu ba, sai daga baya da haraji ya matsa. Saboda haka leburorin farko mafi yawansu daga ƙasashen Kano, Zazzau, Bauchi da Barno suka zo, wasu don neman kuɗin haraji, wasu 'yan cin rani, wasu kuma bayi ne da suka sami kansu suna neman inda ba a san asalinsu ba. Da diga da shebur da kwanon sarki suka yi aikin, heluma yana tsaye a kansu. Kafin zuwan jirgi, a ka ake ɗaukar buhunan kuza, tafiyar kwanaki da yawa, har zuwa Loko a bakin Binuwai inda ake zuba su a jirgin ruwa.

Ƙaramar reluwe da aka ja daga Zariya ta iso Jos a 1914, a shekarar da ta biyo kuma aka tsara garin a hukumance. A 1926 aka yanke Lardin Filato, wanda yawancinsa a da yana cikin Lardin Bauchi, aka mai da Jos hedkwatarsa. A 1927 babbar reluwe daga Fatakwal ta biyo ta Kafanchan ta iso, ta kawo akawuna da kafintoci da direbobi da 'yan kasuwa, Ibo da Yarabawa da Urhobo da mutanen Saliyo da na Gwalkwas. Kamfanin lantarki na NESCO ya datse ruwa a Kurra domin bai wa injunan haƙa wuta, har Filato ta riga manyan birane da yawa samun lantarki mai ƙarfi. Cikin shekara talatin, wurin da ake noman acca ya zama gari mai harsuna fiye da yadda za a ƙidaya da yatsu.

Sunayen wurare suna riƙe da wannan tarihi ga mai son karantawa. Shi kansa sunan Jos akwai ƙauli biyu da suka fi shahara a kansa. Wasu sun ce daga Gwosh ne, wani ƙauye da ke wurin, wanda harshen baƙi ya juya. Birom kuma suna danganta shi da kalmarsu Jot, watau maɓuɓɓugar ruwa. Barikin Ladi, wanda Birom ke kira Gwol, bariki ne na ma'aikata. Sabon Gidan Kanar yana ɗauke da muƙamin wani Baturen haƙa. Rayfield da Anglo-Jos sunayen Turawa ne tsantsa. Gindin Akwati, Dorowa Babuje da Mai Adiko kuwa bakin leburori ne ya raɗa musu suna. Sau da yawa wuri ɗaya yana da suna biyu, na masu gona da na masu bariki, kuma kowanne yana da gaskiyarsa.

CAN A TSIBIRIN BANGKA

Abin da ya faru a Filato ya riga ya faru a wani wuri da nisan dubban mil. Indunisiya ƙasa ce ta tsibirai dubbai a yankin zafi na kudu maso gabashin Asiya, kuma ita ce ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi a ƙarshen ƙarni na ashirin. Gabas da babban tsibirin Sumatra akwai wasu ƙanana biyu, Bangka da Belitung. A farkon ƙarni na 18 aka fara haƙar kuza sosai a Bangka, a ƙarƙashin Sarkin Palembang, wanda yake sayarwa ga kamfanin Turawan Holan. Da aka ga mutanen tsibirin, masunta da manoma, ba za su wadatar da aikin ba, sai aka shiga kawo mahaƙa daga ƙasar Sin. Sansanoninsu da tashoshin da ake tara kaya su ne suka zama garuruwa, irin su Muntok da Pangkalpinang da Sungailiat.

Turawan Ingila sun kama Bangka a 1812, sa'an nan a yarjejeniyar 1814 suka miƙa shi ga Holan, suka karɓi Kochin ta ƙasar Indiya a madadinsa, kamar masu musayar awaki a kasuwa. A 1860 aka kafa kamfanin Billiton domin haƙa a Belitung, kamfanin da ya bunƙasa har ya haɗe da BHP na Ostireliya a 2001 suka zama ɗaya daga cikin manyan kamfanonin ma'adinai na duniya. A 1913 Turawan Holan suka ɗauke hedkwatar mulki daga Muntok suka mai da ita Pangkalpinang, shekara ɗaya kafin jirgi ya iso Jos. A can ma an raba jama'a aji-aji a doka: Turawa daban, baƙin Gabas irin su Sinawa daban, 'yan ƙasa daban, kowa da unguwarsa da shugabansa.

Alaƙar wuraren biyu ta wuce kamanni. A 1931, da kasuwar duniya ta karye, ƙasashe huɗu suka ƙulla yarjejeniyar rage haƙar kuza don farashi ya tashi: Malaya, Boliviya, tsibiran Indunisiya da ke hannun Holan, da Nijeriya. Turawa ne suka zauna suka sa hannu a madadin ukun da ke ƙarƙashin mulkin mallaka. Abin da ya iso kunnen lebura a Bukuru da takwaransa a Bangka shi ne an rage aiki, an rage lada, kowa ya kama gabansa.

DIBAN GWAMNA

Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya zo. A watan Fabrairu 1942 Japan ta ci Singafo, ta mamaye Malaya da Bangka da sauran tsibiran, watau ƙasashen da ke fitar da fiye da rabin kuza na duniya. Ingila ta waiwaya ta ga babu inda ya rage mata a cikin daularta da ya kai Filato. Nan da nan aka kafa dokar aikin tilas. Aka yanka wa lardunan Arewa adadi, Razdan ya umarci En'e, En'e ta umarci hakimai da dagatai, aka riƙa tara samari daga ƙauyukan Zazzau, Bauchi, Binuwai, Katsina da Sakkwato ana tura su dutse na watanni. Talakawa suka raɗa wa abin suna diban gwamna.

Daga 1942 zuwa 1944 an ɗebi kimanin mutum 100,000. Manomin da ya saba da zafin ƙasar Sakkwato ya sami kansa cikin hunturun Filato, tsaye a ruwa, ba bargo, ba isasshen abinci, yana kwana a bukkar ciyawa. Ciwon haƙarƙari da atuni da sanƙarau suka yi ta ɗauka, musamman a wurin aikin madatsar ruwa ta Tenti. Da yawa sun gudu, da yawa kuma ba su koma gida ba har abada. Maganar ta kai majalisar dokokin Ingila kafin a soke dokar. A 1943 abin da aka haƙa ya wuce tan 17,000, adadin da ba a taɓa kaiwa ba, ba a kuma sake kaiwa ba a zamanin kamfanonin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Faɗuwar wani tsibiri da ba su taɓa jin sunansa ba ita ce ta raba dubban matan Arewa da mazajensu.

Ramukan haƙa sun fito da wani abin da ba a nema ba. A 1928 aka tono wani kai na yumɓu a wurin haƙa a Nok, a 1943 kuma aka kai wa wani jami'in mulki, Bernard Fagg, irinsa daga yankin Jama'a. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa fiye da shekara 2,000 da suka wuce akwai masu fasahar gini da narkar da ƙarfe a tsakiyar Nijeriya. Wannan ne ya kai ga buɗe gidan kayan tarihi na Jos a 1952.

BAYAN AN KWASHE

A shekarun 1950 an sake samun wata garaɓasa, lokacin da Amurka ta shiga sayen kolombait, ma'adinin da a da ake zubarwa tare da shara, Nijeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi. A farkon shekarun 1960 aka kafa masana'antar narkarwa ta Makeri. Amma kuza na kusa ya fara ƙarewa, man fetur kuma ya ɗauke hankalin gwamnati. A watan Oktoba 1985 Majalisar Kuza ta Duniya ta kasa biyan basussukanta, aka dakatar da ciniki a kasuwar ƙarafa ta Landan, farashi ya faɗi da kusan rabi. Manyan kamfanonin Filato suka durƙushe. A Belitung ma cikin 'yan shekaru aka sallami dubban ma'aikata.

Abin da aka bari a ƙasa iri ɗaya ne. A Filato akwai ɗaruruwan kududdufai masu zurfi da tsibin jar ƙasa a inda gonaki suke a da. Wasu ana noman rani da ruwansu, ana samun tumatir da kabeji da karas, wasu kuma suna cin yara da dabbobi. A Bangka irin waɗannan ramuka suna da suna, kolong. A wuraren biyu talakawa sun koma haƙa da hannu, rami yana ruftawa da su. Jos dai ta rayu, domin ta zama hedkwatar Jihar Binuwai da Filato a 1967, ta Jihar Filato a 1976, ta kuma sami jami'a a 1975. Amma garin ya faɗaɗa fiye da tsarinsa, gidaje suka gangara har bakin rafi. A watan Yuli 2012 ruwan sama mai yawa ya sa madatsar Lamingo ta yi ambaliya, ruwa ya shiga Rikkos da Gangare da maƙwabtansu, ya kashe fiye da mutum 30, ya rushe gidaje masu yawa.

TAMBAYAR DA AKA BARI

Ramin da ya fi kowanne zurfi shi ne na tambayar mai gari. Turawa sun raba Jos biyu: ɓangaren da suke mulka kai tsaye, inda su da akawunansu suke, da ɓangaren da suka sa a ƙarƙashin shugabannin Hausawa waɗanda suke naɗawa. Ƙauyukan masu ƙasa kuma suna kewaye, ana tafiyar da su daban. A 1947 aka naɗa Rwang Pam Sarkin Birom, daga baya ikonsa ya haɗa da garin Jos, sarautar da ake kira Gbong Gwom Jos. Watau Bature ya bai wa wannan yau, ya bai wa wancan gobe, kowa ya riƙe takardarsa, ya tafi a 1960 bai daidaita su ba.

Birom da Anaguta da Afizere suna cewa ƙasar ta kakanninsu ce, da ƙarfin bindiga aka karɓa, baƙuntar wani kuma ba ta mai da shi magaji. Hausawa da Fulanin garin, masu kiran kansu Jasawa, suna cewa kakanninsu ne suka sare daji suka kafa unguwanni, a nan aka haife su, a nan kaburburan iyayensu suke, ba su da wani garin da za su koma. Ibo da Yarabawa su ma sun haura shekara ɗari a garin, Ibo kuma sun ɗanɗana tasu azabar a 1945 da 1966. Da aka ƙirƙiro Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa a 1991, gardamar ta sami filin dambe. Aka yi rikici a Afrilu 1994, da Satumba 2001, da Nuwamba 2008, da Janairu 2010. Babbar kasuwar Taminus ta ƙone a 2002. A 2010 an yi kisan gilla a Kuru Karama, inda yawancin mamatan Musulmi ne, da Dogo Nahawa, inda yawancinsu Kirista ne. Kwamitocin bincike na Mai Shari'a Fiberesima da na Mai Shari'a Niki Tobi sun ce ƙabilun nan uku su ne 'yan asalin Jos, Jasawa kuma ba su amince ba. Unguwannin da a da suke cakuɗe suka rabu bisa addini.

Indunisiya ma ta sha irin wannan ɗaci. A watan Mayu 1998 an far wa 'yan ƙasar masu asalin Sin a Jakarta da wasu birane. A shekarar Shugaba Habibie ya ba da umarni a daina amfani da kalmomin ɗan asali da wanda ba ɗan asali ba a harkokin gwamnati, a 2006 kuma sabuwar dokar zama ɗan ƙasa ta ɗauki duk wanda aka haifa ɗan Indunisiya, bai kuma karɓi wata ƙasa da son ransa ba, a matsayin ɗan asali. Doka ba ta wanke zukata a rana ɗaya, amma ta toshe ƙofar da ake bi a hana mutum makaranta ko aiki. A Nijeriya kuwa tsarin mulki ya ambaci ɗan asalin jiha wajen rabon muƙamai, ya bar takardar shaida a hannun ƙananan hukumomi, ita ce kuma ake nema wajen shiga makaranta da ɗaukar aiki.

Wanda ya karanta tarihin nan da idon basira zai ga cewa ɓangarorin biyu duka an ci da guminsu. Wani an haƙe gonarsa, wani an haƙe ƙarfinsa, ribar kuma ta bi jirgi zuwa Fatakwal ta haye teku. Haƙƙin masu ƙasa a kan gonakinsu da sarautunsu na gargajiya abu ne da ya kamata a tabbatar, a kuma gyara musu ƙasar da aka lalata. Haƙƙin wanda aka haifa a Rikkos ko Gangare ko Apata na samun makaranta da aiki da wakilci a garin haihuwarsa shi ma abu ne da ya kamata doka ta tabbatar. Ɗaya ba ya cin ɗaya, in shugabanni sun so. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, in ji masu iya magana. Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta a ramukan kuza da waɗanda rikici ya ci, ya kuma ba Jihar Filato da Nijeriya baki ɗaya zaman lafiya mai ɗorewa, amin.